Tayin Bakwai

Ba caca muke yi ba, limamin unguwa ya sani,
ko kwabo bai taɓa hawa teburin nan ba.
Mu huɗu ne, duk Laraba bayan la'asar,
a barandar Bappayo, nan Bolari:
ni da shi gefe guda,
Lamela da Injiniya Gidado suna tare mana hanya.

Birij sunan wasan.
Wani likita Ba'indiye ya bar mana shi
shekarar da muke awon auduga a Gombe,
ya koma ƙasarsu, mu muka gaji karta.

Kafin a jefa kati sai an yi tayi,
kamar cinikin wake a Tudun Hatsi,
sai dai a nan abokinka kake wa magana
a kunnen abokan gaba.
In ka hango za ku kwashe goma sha biyu,
ko duka sha ukun, ba ragi,
ba ka ɗora kaya sai ka taɓa gammo.
Ka ce, huɗu, ba mai yanka.
Ba ciniki ba ne wannan, tambaya ce:
tilo nawa ke hannunka?
Biyar zi, ɗaya ke nan.
Biyar kubi, biyu.

Shekara talatin da ɗaya ina tambayarsa,
bai taɓa ƙara mini ko rabin tilo ba.
Mutumin da kan zuga tsawon kifin Dadin Kowa
har ya fi kwalekwalen da ya kamo shi,
a nan kam mudunsa ba ya da rami.

Sai bara, da azumi,
ciwo ya shiga ta hagu ya kwashe masa harshe.
Sunan matarsa ya ɓace masa.
Ruwa, in yana so, sai ya kalli randa.

Jikarsa Adda ta yanka kwalin sukari,
ta rubuta tayi ɗai-ɗai, ta jera a faranti,
ta kafe masa karta a tsagin katako.

Jiya na buɗe hannuna, gabana ya faɗi.
Baƙaƙe dogaye, tilo biyu suna kallona.
Na yi tsohuwar tambayar.
Yatsansa ya tashi, yana rawa kamar ganyen rama,
ya ratsa saman zi,
ya tsaya, ya ɗan koma,
ya sauka kan kubi.

Tsakanin kwalin nan da wancan
bai kai faɗin ƙwayar gyaɗa ba.
Shi ya nufa, ko ciwon ne ya amsa?
Gidado ya duƙar da kai yana gyaran hula.
Lamela ya ce, ka tsaya a shida, malam,
ba wanda zai ga laifinka.

Shida tausayi ne.
Shida ita ce muryar da ake yi wa majinyaci,
a hankali, da ƙarfi, kamar ga yaro.
Na ce bakwai.

Adda ta shimfiɗa katinsa a tebur.
Ga su nan, biyu cif,
kamar ƙwai a akurki.

Mun faɗi, fa.
Sarki ɗaya na wajen Lamela, ya lafe a bayana,
ni kuwa, don ɗoki, ban tambayi sarakai ba,
tambaya ta biyu da ko ɗan koyo ya sani.

Bappayo ya dube ni.
Rabin bakinsa mai rai ya ja sama.
Ya miƙa yatsa, ya ƙwanƙwasa kwalin da na tsallake,
biyar, ba mai yanka,
sau uku, har farantin ya yi ƙara.
Zagin da na sha ke nan tun muna samari,
ban taɓa jin daɗinsa kamar jiya ba.

Aka kira magariba.
Adda ta tattara kwalayen cikin gwangwanin madara,
ni na tura kekensa zuwa bakin buta.