Jan Layi

Yaro ya zo daga ofis da takarda a naɗe,
Sagiru sunansa, takalminsa duk taɓo.
Ya shimfiɗa ta kan dakalina,
ya danne ta da duwatsu huɗu.
"Baba, ga Ginzo, ga unguwarku.
Inda ka ga ja, nan ruwa ke kwana."

Na duba. Jan layin ya ratsa zaure,
ya bi ta madafi, ya wuce turken akuya,
ya tsaya daidai inda nake ajiye kaina.

Na ce, "Da kuɗina na sayi filin nan,
ga takarda har da hatimi."
Ya ce, "Ruwa bai iya karatu ba, Baba."

Sai ga Iya Barira da sandarta,
ta leƙa, ta yi tsaki: "Kun rage.
Shekarar da na haifi Lawandi
har gindin tsamiyar can ya kai.
Tsaye na kwana, yana goye."
Yaron bai yi musu ba.
Ya ciro alƙalami, ya ƙara layin.

Na ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu,
na yaɓe gindin katanga da siminti,
buhunan gero suka hau benci.
Ran Asabar muka yashe kwata da maƙwabta:
leda, robobi, har da silifas ɗin da muka nema bara.

Yanzu in hadari ya haɗo daga gabas
ba sama kaɗai nake kallo ba.
Ƙasa nake bi da ido, ina lissafin gangare.
Takardar filin kuwa tana cikin leda,
rataye a ƙusa, can kusa da rufi.