Taki Arba'in

Rijiya biyu ubana ya gina a ƙauyenmu,
kudu da Maraɗi, kan hanyar Ɗan Isa.
Ta gabas, gaba goma sha ɗaya, ruwa ya tarbe shi har ƙugu.
Ta yamma ya kai gaba ashirin da uku,
dagi ya lanƙwashe, ko laima bai taɓo ba.
Tsakaninsu taki arba'in ne.
Na sha ƙirgawa.

Mutanen yamma suka ce ya ci kuɗinsu.
Wasu suka ce ya sara ranar da ba a sara.
Aka yanka baƙin bunsuru a bakin ramin,
rami ya sha jini, bai biya da ruwa ba.
Har Mijinyawa ya kwanta dama
ana kiran sa mai busasshen hannu.

Bana, bayan an kai gero rumbu,
sai ga Tsahara, ɗiyar Tibiri,
da akwati mai batir da naɗin waya fal bayan mota.
Ta ce in kafa mata turakun ƙarfe a jere
tun daga gawon Ilu Makaho har bakin kwari.
Na kafa. Inda ƙasa ta bushe na ɗiga ruwan gishiri.
Ta saki lantarki ƙarƙashin ƙafafunmu
kamar mai aiken yaro ɗaki mai duhu ya lalubo.

Ta ce wuta gudu take inda ke da laima,
in ta iske dutse sai ta yi ta jan ƙafa.
Lambobi na hawa, suna sauka,
wajen turke na sha bakwai suka miƙe, suka ƙi zama.
Muka ja waya arewa. Haka.
Muka ja kudu. Haka.

Da la'asar ta juyo mini fuskar na'urar.
Gabas shuɗi, kamar zanen da ya fito daga marina,
sai wani ja ya taso daga can ƙasa,
tsaye, kafaɗa a buɗe.
Ta ce, "Ga katanga nan.
Tana nan tun ba a sari garin ba.
Ruwan gulbi na rarrafowa ta cikin yashi,
ya iske ta, ya tsaya, ya juya.
Wanda ya haƙa bayanta, ko gaba ɗari zai kai..."
Ta ɗaga kafaɗa.
Ba ta san ɗan wa ke riƙe mata guduma ba.

Da dare na je ramin, na janye ƙayar da aka rufe shi.
Taki tara, Baba.
Da ka matsa gabas taki tara.

Gobe Juma'a.
Zan roƙe ta ta kawo akwatin ƙofar masallaci
ta nuna wa tsofaffin yamma.
Uku suka rage,
ɗaya ma ba ya gani sosai.
Zan riƙe yatsansa in bi da shi kan jan.