Leɓen Taya

Mil arba'in daga Hanksville,
ƙasa ja wur kamar an barbaɗa barkono,
dutse ya tsaga mana tayar baya.
Safaya tun jiya ta riga ta mutu.
Waya ba sabis.
Hankaka biyu a kan tsauni suna mana lissafi.

Wendell ya buɗe akwati
ya ɗauko ƙarfensa na dala ɗari da hamsin,
mai haƙori, mai kusar murzawa,
wai shi ke raba leɓen taya da rim ba gumi.
Ya murza, ya murza,
yashi ya shiga zaren kusar ya yi gida.
Ya zagi ƙarfen, ya zagi kamfanin,
ya zauna a inuwar mota yana duban galan ɗin ruwa.

Ni kuwa sai ga Kawu Kallamu a idona,
mai faci a bakin tashar Funtuwa,
wanda nake sauya hanya in na taso daga makaranta
don kada abokai su ga baƙin farcensa.
Yakan ce: taya ba ta sakin rim don an fi ta ƙarfi,
nemi inda ta gaji.

Na zare ƙwayar bawul.
Na kwantar da ita ƙarƙashin bamba,
na ɗora gindin dogon jak dab da leɓen,
na zuba sabulun wanke kwano
da ruwa murfi biyu, daga na shanmu.
Ɗaga. Tsaya. Juya ta kaɗan.
Ɗaga kuma.
Nauyin motar da kanta ya sauko mata a wuya.

Fus!

Kamar tsohuwa ta sauke tulu ta yi ajiyar zuciya.

Sauran aikin liba ne guda biyu
da diddige, da haƙuri,
da faci daga ciki kamar ɗinkin aljihu.
Wendell na riƙe da fitila yana tambaya
a wace makaranta na koyi wannan.
Na buɗe baki, na rufe.

Ƙarfe goma na dare muka shiga gari.
A gidan mai akwai famfo da sabulu mai ƙamshin lemo.
Na miƙa hannuwana ƙarƙashin haske,
farce goma, duk baƙi.
Na daɗe ina kallonsu
kafin in buɗe ruwan.