Kujera ta Biyu

Haliru ya turo mini allon gilashi bisa tebur,
ya ce, "Taɓa ka gani."
Na taɓa. Mota ta juya cikin allo
kamar mazari a hannun mai kaɗi,
ba direba, ba ƙasa, ba inuwa.

Cikinta na shafar hanya
kamar damo ya fito shan hantsi.
Na ce, "Wagga za ta haye tudun kwaltan Mabera?"
Ya ce, "Akwai maɓallin da ke ɗaga mata haɓa,
amma da kuɗinsa."
Komai a nan da kuɗinsa,
har zaren da aka ɗinke sitiyari.

"Ga kujera mai ɗumama baya."
A Sakkwato?
Inda kwalta ke kama takalmi a watan Afrilu?
Na yi dariya har shayi ya zube mini a riga.
"To rufi mai buɗewa, ka sha iska."
Iskar bakin tanda, Haliru? Bar shi rufe.
"Salansa mai ruri fa?"
Na tuna maƙwabtana na Runjin Sambo
da tsohuwar da barci ke yi wa wuya.
Na ce a rage mata murya.
Lasifika goma sha shida,
ni da labaran ƙarfe bakwai kaɗai nake saurare.

Sai launi.
Sunayensu sun ƙi zama a harshena,
na raɗa musu namu.
Baƙi: tukunya ce, ni ne naman.
Fari: kowa zai ɗauka daga asibiti na fito.
Ruwan toka: ƙurar simintin Kalambaina
ta ba ni wannan kyauta tun tuni.
Kore, ganyen albasa a fadamar Goronyo,
ya ja ni, na daɗe a kansa.
Rawaya kuwa, a tsayar da ni a Dandima
a ce, "Kasuwa nawa?"

Waya ta yi ƙara. Kulu ce.
"Kujera nawa gare ta?"
"Biyu."
Shiru ya yi tsawon gadar Rima.
"Yaran huɗu, aljihu za ka sa su?"
Na ce za mu yi magana.
Ta ce, "Lalle kam."

Na koma kan allo, yatsa ya zame,
sai ga wani ja.
Ba na tattasai ba, ba na jini ba,
ja mai nauyi, wanda ya kwana ya huce:
jan akuyarmu, bayan bagaruwa,
bayan karan dafi.
Launin tafin Baba Modi ke nan,
wanda sabulu bai taɓa cin nasara a kansa ba
cikin shekara arba'in a Majema.

Yakan ɗaure fatu a bayan keke,
ya ɗora ni kan ƙarfen gaba,
gemunsa na sosa mini ƙeya,
yana haki yana cewa,
"Waɗanga ƙetare za su,
su zama wurin zaman mutanen da ba za mu gani ba."

Haliru ya miƙo guntun fatar kujera,
ya ce daga nesa take, ta manya ce.
Na kai hanci.
Ƙarƙashin turarensu
na ji kamar warin gidanmu.

Na ce, "Wanga. Ciki da waje."
Ya ce wata shida, jirgin ruwa, sai Legas, sai tirela.
Na sa hannu, alƙalami na santsi da gumi.

Kujera ta biyu ta Kulu ce, in ta huce,
ko ta Saratu, in ta ci jarrabawa.
Amma ranar farko ba kowa.
Motar da aka ce tana cin ɗari uku a awa,
zan bi da ita ta Majema da la'asar,
gilashi a sauke,
a hankali,
daidai gudun keke mai ɗauke da fatu da yaro.