Mai Kamun Gajimare

Ni ne mai riƙe da littafin awo.
Kafin gari ya waye nakan hau tudu da fitila a goshi,
in leƙa tanki, in rubuta: lita sittin da ɗaya.
Jiya arba'in. Shekaranjiya ko ɗigo.
Sunana Anselmo. Da can masunci ne ni,
na ajiye ƙugiya, yanzu gajimare nake kamawa.

A gaɓar Atakama ruwan sama baƙo ne,
kakata sau uku ta gan shi, ta mutu tana ba da labari.
Amma kullum da safe teku na yin numfashi,
farin tururinsa ya hayo tudu kamar garken tumaki,
ya shafi duwatsu, ya wuce,
bai bar mana komai ba sai sanyi a gwiwa.

Ran nan sai ga su a wata mota mai tari.
Salim daga Zufar, ya ce duwatsun ƙasarsu ma
da gajimare suke jiƙa maƙoshi.
Wibke Bajamushiya da allunan tatsar rana,
sai Hanh 'yar Biyetnam, ƙarama, mai tabarau,
ta rungume akwatin zare kamar jariri.

Ba mu da harshe ɗaya.
Da yatsa muke magana, da zane a kan yashi,
da shayin da Salim ke cika wa sukari.

Ragar farko kwana biyu ta yi a tsaye,
iska ta yayyaga ta, ta rataye mana tsumma a kan ƙaya.
Wibke ta ce laifin turaku ne. Hanh ta ce ba na zarenta ba.
Suka yini ba mai kallon wani.

Sai tsohuwa Eufemia, mai ɗinkin komar masunta,
ta hayo da sanda, ta murza tsumman a tafinta.
Ta ce, kun ɗaure ta tamau kamar ɓarawo,
raga ma tana son wurin shaƙar iska.
Ta zauna a ƙasa, ta yi ƙulli irin na mijinta marigayi,
wanda ke sakin jiki idan igiyar ruwa ta buga.
Hanh ta durƙusa, ta ɗauki hotonsa ta gefe huɗu.

Muna kwanciya, Hanoi na tashi.
Can suka gwada ƙullin a gaban injin iska,
muka farka muka tarar da amsa a waya:
ya riƙe.

Ranar da hasken rana ya tayar da famfo,
bututu ya yi kaki, ya yi tari, ya tofar da tsatsa,
sannan ruwa.
Yaran ƙauye suka tara hannu, ba wanda ya yi ihu.
Wani ya ɗanɗana, ya ce, babu gishiri.

Da aka zo rubuta sakamako
an yi 'yar gardama kan sunan da zai fara.
Salim ya kafe sai an sa na Eufemia.
Aka karanta mata, ta ce, to madalla,
sunan zai shayar mini da tumatir?

Kuɗin aikin ya ƙare a shekara ta uku.
Motar nan mai tari ta kwashe su ɗaya-ɗaya.
Wibke ta bar mini tsumman goge allo
da gargaɗi: gishiri ba ya hutu, kai ma kada ka huta.

Har yau nakan aika lamba ɗaya ƙasashe uku.
Wani lokaci amsa ta zo, wani lokaci shiru.
Raga ta huɗu ta fara sakin zare ta kusurwar kudu,
idon Eufemia kuma ya yi rauni,
jikarta ce ke koyon ƙullin.

Yau sittin da ɗaya.
Na rubuta, na hura hannuna,
na gangara da bokiti guda domin tumatir.