Babi na Uku

Shekara talatin da ɗaya ina shaƙar alli a Samaru,
ina koya wa 'ya'yan mutane
yadda zuciya ke ɓoye abin da ke cin ta.
Su rubuta, in ba su maki.

Yau Laraba, fankar ofis ta sake mutuwa.
Mantau ya shigo da babi na uku,
karo na huɗu, ko waƙafi bai sauya ba.
Na zare jan biro
sai na ga rigarsa ta yi masa yawa
kamar ta aro.

Na ce, "Yaushe rabonka da barci?"
Ya dubi kalanda, ya dubi takalminsa.
"Tun da aka kwantar da Inna a Shika."

Littattafai cike da kanta a bayana,
babu wanda ya yi ko tari.

Na rufe biro,
na aika a sayo awara.
Muka ci, ba mai magana,
har ladan ya kira la'asar.

Da zai fita ya bar kundin kan tebur.
Suna linzami.
Ban kira shi ba.
Gara gobe ya sami dalilin dawowa.