Abin da Fensir Ya Goge

A garin Quilacura, can kudancin Chile,
ruwan sama ba baƙo ba ne, shi ne mai gida.
Ni ce Eduvigis Marileo, ma'ajin majalisar gari,
shekara goma sha ɗaya ina ƙirga kuɗin da ba nawa ba
a ofishin da rufinsa ke ɗiga cikin bokiti.

Injiniya Leandro ya shimfiɗa zane a teburina:
gadar masu ƙafa, mita arba'in da biyu,
da 'yar hanya mai tsakuwa ta bi gaɓar kogi
har makarantar da ke tsallake.
A takarda ba ta da makusa,
sai dai takarda ba ta taɓa zuwa kasuwar ƙarfe ba.

A watan Maris peso miliyan ɗari uku muka rubuta.
Kafin sanyin Yuli ya kankama
ƙarfe ya tashi, siminti ya rufa masa baya,
mai tifa ya ce laka ta cinye masa taya biyu.
Na buga lissafi sau uku, sau uku yana ƙi na.
Giɓin miliyan hamsin da huɗu ya buɗe baki.

Sai na feƙe fensir.
Fitilu goma sha biyu, na bar biyar.
Benci shida, na bar ɗaya,
daidai hawan da tsofaffi ke tsayawa su mayar da numfashi.
Dutsen ado daga Santiago kuwa na ce a'a,
kogin nan yana da nasa, kuma bai taɓa rubuta rasit ba.
Kowane layi na goge, kamar haƙori aka cire mini.
Duk da haka saura goma sha tara.

Ɗan kwangila Baldomero ya shigo, hula jiƙe sharkaf.
"Doña Eduvigis, cire gangaren nan a sa matakala,
goma sha taranki sun dawo cif."
Bai yi ƙarya ba.
Amma na san Ismenia mai saƙa, ta layinmu,
da keken da ƙanenta ke turawa
kilomita huɗu a gefen babban titi,
motocin katako suna wucewa suna watsa mata taɓo.
Matakala goma sha huɗu a wurinta katanga ce.
Gadar da ba ta ɗauki Ismenia ba
rabin gada ce da aka biya kuɗin guda.

Daren nan ido biyu na kwana da kundin.
A shafi na talatin da ɗaya na iske su sun laɓe:
allon tagulla mai sunan magajin gari,
rumfar baƙi, 'yan badujala, raguna huɗu na gashi,
da mai hoto da za a ɗauko daga birni.
Miliyan goma sha bakwai.
Layi ɗaya na ja, hannuna bai ko girgiza ba.

Biyun da suka rage, masu yankan katako suka cike
da Asabar uku na guminsu, suna baza tsakuwa.

Magajin gari ya ce, "Gada babu suna?"
Na ce kogi bai iya karatu ba.
Wata biyu bai amsa gaisuwata ba.

Ranar wata Talata aka buɗe ta, ba jawabi,
ana yayyafi, fitila biyar na ci.
Yara suka tsallaka da gudu, jakunkuna na tsalle a baya.
Ismenia ta tsaya a tsakiya ta daɗe tana kallon ruwa,
ta ce ashe daga sama kore ne.

Na koma ofis na zubar da bokiti.
A kasafin baɗi na buɗe sabon layi:
fenti, kusoshi, da mutum ɗaya mai duba tsatsa.
Rufin nawa zai ƙara jira.